Siririn bututu ba ya ƙara ƙarfin ruwa

A gidajen haya masu bene a Abuja, idan ƙarfin ruwa ya ragu a hawan ƙarshe, sai ka ji an ce a sa siririn bututu don ya ƙara ƙarfi. Wannan kuskure ne. Matse bakin tiyo da yatsa gudun ruwa yake ƙarawa kawai. A dogon layi kuwa, siririn bututu cinye ƙarfin yake yi, musamman da asuba, lokacin da kowa ya buɗe famfo.

Ƙarfin daga tsayi yake zuwa. Kowace mita 10 tsakanin ruwan tanki da bakin famfo tana ba da kusan bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne). Wanda tanki ke mita 3 a samansa bar 0.3 kawai yake samu, shi ya sa shawarsa ke ɗiga alhali na ƙasa na fesawa.

Gyaran shi ne a sauko da babban bututu mai inci ɗaya da rabi, a ware wa hawan ƙarshe layinsa daban, in bai isa ba a sa masa ƙaramin injin tura ruwa. In an haɗa injin da duk ginin, dole hawan ƙasa ya samu bawul mai rage ƙarfi, a saita shi wajen bar 3, in ba haka ba mahaɗai su fara yoyo.