Allurar maleriya sau huɗu ake yin ta

Wani labari da na karanta ya ce rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 zai rage mace-mace sosai, kuma ina fatan Allah Ya sa haka. Sai dai marubucin bai ambaci cewa sau huɗu ake yin allurar ba, ta ƙarshen kuwa sai yaro ya kai wata 15. Uwar da ta biya kuɗin acaɓa da damina, ta tarar da asibitin ƙauye a kulle ko firjin magani babu wuta, da wuya ta sake komawa. Wane tanadi hukumomi suka yi na bin sawun yaran da ba a kammala musu ba?