Gwangwani goma sha biyu da yaron da ba ya gani

A wata makarantar renon yara a nan Ingila, malamar da ƙaramar hukuma ke turowa don yara masu larurar gani ta zauna a kan kafet da wani yaro ɗan shekara uku. Ta ajiye masa tire mai tudun baki don kada kaya su gangara su ɓace masa, da gwangwanayen katako huɗu a ciki. Ba ta damƙi hannunsa ba, nata ta sa a ƙarƙashin nasa har ya taɓa da kansa. Ya girgiza ɗaya a kunne, ya laluba ya nemo ɗan'uwansa mai ƙara iri ɗaya.

Kayan na tsarin Montessori ne, wani salon koyar da ƙananan yara ta hanyar taɓa kaya da hannunsu. Cikakken saiti gwangwani 12 ne, shida masu jan murfi, shida masu shuɗi. Launi bai da amfani ga wanda ba ya gani, don haka ake manna ƙyalle mai kaushi a murfin rukuni guda. Da ƙara biyu masu nisa da juna ake farawa, kamar yashi da tsakuwa, sai kunne ya goge a ƙaro. Shinkafa da gero sun yi kusa, a bar su sai ƙarshe.

Inda masu haɗawa a gida ke kuskure shi ne nauyi. In gwangwanin tsakuwa ya fi na yashi nauyi, yaro da hannu zai gane, kunnen bai koyi komai ba. A daidaita nauyin, a zuba kashi ɗaya cikin uku kawai, a liƙe murfi da gam mai ƙarfi domin ƙwayar wake tana shaƙe yaro. Waken ma ƙwari na cinsa, damshi na dushe ƙararsa. A kashe talabijin lokacin wasa. Wannan kunnen ne gobe zai gaya masa ta ina mota ke tahowa.

Gaskiya a nan ma iyaye na kukan jiran layi kafin malama ta zo, kuma kayan na da tsada. Amma abin da ya sosa min rai shi ne babu abin da ke cikin gwangwanin nan da ba mu da shi can gida ƙasar Hausa. Muna da gora, muna da caki, gero kuwa a rumbu yake. Makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato, tun 1953 take. Mu da muke tashi cikin kiɗa da kiran masu talla, wa ya fi mu kunne?

Abin da ba mu yi shi ne zama da yaron tun yana shekara uku da niyyar zai yi karatu. Sau da yawa ana tausaya masa a tsakar gida har ya girma, daga nan a miƙa masa ƙoƙon bara, a kuma cire ƙanensa mai ido daga makaranta ya zama ɗan jagora.