Ku da Kuka Riga Su Shiga, Ku Daina Dariya

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuka yi shekara ɗaya ko biyu a babbar sakandare, da ku nake. Kun ga yaron nan da ya shigo bana? Jiya shi ne zakara a ƙaramar sakandare, yau ya koma ɗan tsako. Ya daina surutu, shi kaɗai yake cin abinci, kullum da safe sai ya ce kansa na ciwo. Ku kuma kuna ta dariya wai ragwanci ne. Ku ji tsoron Allah.

A Amurka, inda yara ke shiga aji 9, wato ajin farko na babbar sakandare, suna da shekara 14 ko 15, an daɗe ana bin diddigin wannan gaɓa. A 2007, Elaine Allensworth da John Easton na Jami'ar Shikago sun duba bayanan makarantun gwamnati na birnin. Cikin sababbin ɗalibai da fashinsu bai wuce kwana 4 a rabin shekara ba, kashi 87 cikin 100 sun kammala sakandare. Waɗanda suka yi fashin kwana 5 zuwa 9, kashi 63 ne kawai suka kai ƙarshe. Kwanaki kaɗan fa! Ashe "yau ba zan je ba" ɗin nan da muke rainawa, daga nan ɓaraka take farawa.

To me ke hana yaro zuwa? Sau da yawa ba darasi ba ne, mutane ne. An yi masa dariya sau ɗaya, sai ya yanke wa kansa hukunci: haka nake, haka su ma suke, haka za a dawwama. David Yeager na Jami'ar Texas da ke Austin, shi da abokan aikinsa, wannan tunanin suka taɓa a binciken da suka fitar a 2016. Sun ba 'yan aji 9 ɗan gajeren darasi cewa mutum yana canzawa, hali da matsayi a cikin tsara ba zanen dutse ba ne. Yaran sun karanta bayanan ɗaliban da suka gabace su, sannan su ma suka rubuta wa na bayansu. Da aka gwada yawunsu a ranakun da suka sha wuya, sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, bai kai na sauran yara ba. Makinsu ma ya fi kyau a ƙarshen shekara.

Kada wani ya ɗauka laya ce. A 2019 an gwada makamancin darasin, wannan karon kan cewa ƙwaƙwalwa na ƙaruwa da ƙoƙari, a kan ɗalibai sama da 12,000. Ƙarin makin ɗan kaɗan ne, kuma ya fi fitowa a makarantun da tsara ba sa yi wa mai ƙoƙari ba'a. Wato darasin yana kama ƙasa ne in na kusa da yaro ba su tsige shi ba. Na kusa da shi ɗin kuwa ku ne.

Ni ma na yi kuka a bayan aji a makon farko, har yau ban manta siniyan da ya zauna kusa da ni ya ce shi ma sifili ya ci a gwajin lissafinsa na farko ba. Abin da nake roƙonku ke nan. In ƙaninku ya ce ya gaji, kada ku ce "mu ma haka muka sha" ku wuce. Ku faɗa masa yadda kuka sha ɗin, da watan da abin ya fara sauƙi. In kun ga bencinsa wayam kwana biyu a jere, ku bi ta gidansu da yamma, ku gaida Mama, ku ce gobe tare za ku tafi.