Wuta ta ɗauke, mai wuri ya ɗauke kuɗinmu

Wallahi tun daren jiya ban runtsa ba, raina a ɓace yake, in ban fitar da abin da ke cikina ba zai yi min illa. Ni jita nake kaɗawa, shekara 9 ke nan ina wannan sana'a a Damagaram, da ita nake ciyar da matata da yara biyu, da ita nake biyan haya a Garin Malam. Ba sata nake ba, ba maula nake ba, guminmu muke ci.

Jiya Asabar aka kira mu wasa a wani wuri nan tsakiyar gari, ba zan kama suna ba, mai wurin ya san kansa. Mu shida ne, jita biyu, piyano, mai ganguna, mai kalangu da ƙanwarmu da ke rera waƙa. Magana ta tsaya a kan tike jaka ɗaya, rabin kuɗin ƙofa namu rabi nasa, abin sha kuma duk ribarsa ce ba ruwanmu. Sati biyu muna gwaji cikin wannan zafin na Afrilu da ko bango in ka taɓa sai ya ƙone ka. Sono, wato kayan sauti, hayarsa muka yi jaka 15 daga aljihunmu, ga kuɗin adaidaita da ya kwaso kayan. Kuma abu na farko da na tambaye shi, gaban mutane, shi ne gurup, wato janareta, na ce Alhaji gurup fa, in an ɗauke wuta? Ya ce kar ka damu ɗana, tankin cike yake. Haka ya ce min, da bakinsa.

Mutane kuwa sun zo maa shaa Allah, malaman lekol, ɗaliban jami'a, ƴan kasuwar Dole da suka rufe shago suka yi wanka suka fito da matansu, kujeru har suka ƙare. Ƙarfe goma da ƴan mintoci muna cikin waƙa ta uku, wurin ya fara ɗaukar zafi, ɗif! duhu. Wannan bai ba kowa mamaki ba, mu ƴan Zinder mun saba, kowa ya kunna fitilar waya ana jiran gurup ya tashi. Shiru. Ashe ko ɗigon esansi babu a ciki. Sai lokacin ya miƙa wa yaronsa galan ya ce ruga wajen masu kwalba a bakin gudoro, yaro ya tahi ya yi kusan minti 40, ya dawo aka zuba aka yi ta jan igiya, gurup ɗin ya yi tari ya yi tari ya tashi da ƙarfin tsiya ya turo wuta fiye da ƙima, nan take na ji ƙauri, ampli ɗin da muka hayo, na'urar ƙara sauti, ya ƙone a gabana ina kallo.

To daga nan mi ya rage? Mai kalangu ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, shi da ƙanwarmu suka riƙe mutane da baki da hannu kusan rabin awa ba makirfo, amma wanda ya biya jaka ɗaya ba wannan ya zo ji ba. Aka fara a ba mu kuɗinmu, a ba mu kuɗinmu. Ko da muka waiwaya Alhaji ya kwashe kuɗin ƙofa ya hau motarsa. Na kira shi da safen nan sau bakwai, da ya ɗauka sai ce min ya yi haƙuri, abu ne daga Allah, kuma tunda ba mu ƙarasa wasa ba babu rabo. Daga Allah? Allah ne ya hana ka sayen esansi lita biyar tun la'asar? Kar ka fake da sunan Allah ka ci haƙƙin marasa ƙarfi Alhaji, ka ji tsoron ranar da za a tambaye ka.

Kuma ba mu kaɗai ba ne aka cuta, wannan ya fi ƙona min rai. Akwai dattijon da ke gasa tsire da balangu a ƙofar wurin, bashin nama ya ɗauko wajen mahauci saboda an ce masa za a cika, na gan shi ƙarfe sha biyu zaune gaban tukubarsa nama rabi bai fita ba, a wannan zafin naman da ya kwana ba firigo sunansa asara. Akwai Hajiya mai dambu da zogale, ta kwashe kwanoninta tana share hawaye da gefen zane. Mai shayi ya fasa ƙwai ba mai ci. Bisap da lemo duk sun zama ruwan wanka. Dare ɗaya na kiɗa gida nawa yake ciyarwa? Ku ƙirga, mai gadin babura, mai sayar da ruwan leda, ƴan kabu-kabu. Su ma ƴan kabu-kabun da suka ga duhu sai suka ninka kuɗi, inda ake zuwa dala 40 suka ce sai dala 100, kuma dole ka biya domin wa zai taka da ƙafa cikin lungun da ba fitila ko ɗaya, ana fizge waya a hannun mutum kamar wasa.

Kamfanin wuta kuma ina magana da ku. Faktir, takardar kuɗin wuta, ba ta taɓa makara ba ko wata ɗaya, amma ko sanarwa ta rediyo cewa unguwa kaza za a yanke daga ƙarfe kaza, mu san yadda za mu shirya, ta gagare ku. Mun sani wutarmu daga Najeriya take shigowa, mun ɗanɗana a watan Agustan 2023 da aka katse layin bayan juyin mulki, gari ya koma kamar maƙabarta. Wannan bai isa darasi ba? Matatar mai tana nan hanyar Tanut tun 2011, rana kuwa ga ta har ta yi mana yawa, a ce garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926 ba zai iya riƙe fitila awa uku a jere daren Asabar ba.

Na san akwai masu cewa ai maganinku ke nan, makaɗan dare ƴan iska ne. Saboda wannan maganar ce ma ake cin kuɗinmu ba a jin kunya, an san ba wanda zai tsaya mana. Ni ban taɓa sa giya a bakina ba, kuma ko wanda yake sha ba a halatta cin guminsa ba. Damagaram garin kiɗa ce tun kakanni, je ka ƙofar fada a Birni ranar sallah ka ji tambura da kakaki da algaita, ka ga hawan ƙaho, ka ga wasan kara. Marigayi Malam Maman Barka ɗan jihar nan ne, ya ɗauki biram, abin kiɗan gargajiya mai tsirkiya, ya zagaya duniya da ita. Tun da aka ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar (CCFN) a Janairun 2015 tare da mashayoyi da coci-coci, masu wurare da yawa suka ja baya, ƴan kaɗan da suka rage sun gane ba mu da wurin zuwa shi ya sa suke taka mu yadda suka ga dama.

Mai sono ya ce gyaran ampli a kanmu yake, kuma yana da gaskiya, a hannunmu ya lalace. Ni ba ni da ko jaka biyu a gida yanzu haka. Gobe Litinin da safe mu shida za mu ɗauki ampli ɗin mu aje a ƙofar gidan Alhaji, da dattijo mai tsire a matsayin shaida tunda yana wurin lokacin da aka ce tanki cike yake. In ya fito ya ba mu rabonmu da kuɗin gyara shi ke nan, in ya ƙi mu wuce wajen mai unguwa, daga can sai komisariya.