Iyayenmu, a bincika kafin a tura

Assalamu alaikum warahmatullah. Wannan nasiha ce ga iyayenmu da kakanninmu masu WhatsApp, cikin ladabi nake yinta, Allah ya ƙara muku lafiya.

Da can dattijo da rediyonsa yake, da asuba ya kamo BBC Hausa ko Rediyon Kaduna, kuma labarin nan kafin ya fito sai da ya bi ta hannun edita. Yanzu rediyon ta koma cikin waya, Alhaji na zaune a kan tabarma bayan sallar isha'i, tabarau a kan hanci, sai ga odiyo ya shigo gurup ɗin masallaci, wani ne da ba a san sunansa ba yana rantsuwa wai an kama abu kaza a gari kaza, a tura wa kowa don Allah. Shi kuma Baba da zuciya ɗaya, tausayin jama'a ne ya sa shi, sai ya danna ya tura wa gurup ɗin dangi gaba ɗaya. Matsalar fa ita ce in saƙo ya fito daga wayarku ba wanda zai yi musu, cewa za a yi ai Baba ne ya turo, girmanku shi ya zama shaidar labarin.

Ku tuna watan Agusta 2014 lokacin Ebola, da aka yaɗa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, aka riƙa tada mutane cikin dare. An kwantar da mutane a asibiti, har rai aka rasa, kuma yawan gishiri illa ne ga masu hawan jini, waɗanda da yawansu dattawa ne.

Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 6, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, Muslim ne ya ruwaito.

Ku kuma 'ya'ya, haramun ne ku kunyata su a gurup. Je ka gida ka durƙusa ka gaishe su, ka nuna wa Hajiya kibiyoyi biyun nan da WhatsApp ke sawa a kan saƙon da aka tura sau da yawa, ka ce Mama in kin ga wannan ki kira ni tukuna mu duba tare.