Mutuwar Hoss ce ta karya Bonanza

Ban yarda da marubucin da ya ce gajiya da finafinan kaboyi ce ta sa aka daina Bonanza, shirin talabijin na Amurka, ba. Shirin da aka yi ta kallo daga 1959 har 1973, rana ɗaya za a gaji da shi? Tafiyar Adam, babban ɗan gidan, a 1965 ba ta girgiza Ponderosa, gidan gonarsu a shirin, ba. Amma da Dan Blocker, wanda ya fito a matsayin Hoss, ƙanin Adam, ya mutu a Mayun 1972, kuma tashar NBC ta mayar da shirin daga daren Lahadi zuwa Talata, ko shekara bai ƙara ba. Malam mai cewa autansu Little Joe ne tauraro, ka manta Hoss, ƙaton nan mai doguwar hula, ga ƙarfi ga tausayi? Mu dai shi ke kai mu falon maƙwabta.