Gwajin da ke yanke wa tayi hukunci tun bai gama gyara kansa ba

Tun 2024 wasu ma'aurata a Amurka suka maka kamfanonin gwajin PGT-A (gwajin da ake yi wa tayin da aka haɗa a ɗakin gwaji don duba adadin kuromosom ɗinsa, wato ƙunshin gadon halitta, kafin a dasa shi a mahaifa) a kotu, suna zargin an yaudare su. Duk da haka asibitocin dashen ƙwai, har da wasu a Najeriya, ba su fasa tallata shi ba. Wai shi zai tantance tayi mai lafiya, sauran a zubar.

Abin haushin shi ne ilimin ya daɗe da wuce nan. A 1975 masana Ginés Morata da Pedro Ripoll suka gano a jikin ƙudan 'ya'yan itace cewa ƙwayar halitta mai rauni tana rayuwa lafiya lau cikin ire-irenta, amma da ta samu kanta a tsakiyar masu ƙarfi, sai su sa ta mutu su cike gurbinta. A 2013 masu bincike a Madrid da Landan suka ga wannan gasa a tayin ɓera. A 2016 kuma ɗakin binciken Magdalena Zernicka-Goetz a Kambirij ya haɗa tayin ɓera da rabin ƙwayoyinsa ke da tangarɗar kuromosom. Gurɓatattun suka riƙa mutuwa a ɓangaren da zai zama jariri, aka haifi 'ya'ya lafiyayyu. Inda suka fi daɗewa shi ne ɓangaren da zai zama mabiyiya.

To daga ina gwajin ke ɗiban ƙwayoyi biyar zuwa goma? Daga ɓangaren mabiyiyar! Wato an leƙa juji an ce gidan ne ba ya da tsabta.

Za a ce ɓera daban, mutum daban. Gaskiya ne. Sai dai a 2015 likitoci a Italiya sun dasa wa mata 18 irin tayin da gwajin ya ce gauraye ne, wato mai ƙwayoyi lafiyayyu haɗe da gurɓatattu, aka haifi jarirai shida ƙalau. Hukumar HFEA mai sa ido kan asibitocin dashen ƙwai a Birtaniya ma ta ba gwajin jar alama, wato alamar gargaɗi, wajen ƙara damar haihuwa ga akasarin mata. Masu cewa yana rage ɓarin ciki kuwa, ai duk wanda ya rage dashe dole ya rage ɓari.

Matar da ta sayar da fili da gwal don ta samu tayi biyu ko uku, zubar mata da ɗaya bisa wannan hujja zalunci ne. Ya kamata hukumomin lafiya su hana zubar da tayi gauraye sai an yi wa ma'auratan cikakken bayani sun amince a rubuce.